Ƙwayoyin Lafiyarsu Ƙalau

Zuwa ga 'yar ƙanwata, Likitar Ɓeraye,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga ni da uwargidana Hajiya da duk mutanen gida. Ina fata kina lafiya, kuma aiki bai hana ki cin abinci ba, don hoton da kika aiko duk wuya ne da tabarau. Mu nan lafiya, sai gwiwata da ke ba ni labarin hadari tun kafin ya taso, sai kuma kunnuwan nan da suka yi ritaya tare da ni. Saboda haka ki daina ɓata katinki kina kira na. Ina ganin wayar tana haske, amma ba abin da nake ji sai ƙugi. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tantance wasiƙu a gidan waya, ai wasiƙa ce ta dace da shi. Ni abin da ba a rubuta ba, ba a faɗe shi ba.

To, akwai magana. A takardarki ta baya kin ce kin bar ɓeraye kin koma "aikin ƙwaya". Na karanta wa Hajiya, ita kuma kin san bakinta ba shi da linzami. Kafin la'asar mai kemis ɗin bakin titi ya ji. Da na je sayen man zafi sai ya ce, "Baba, ashe 'yarku 'yar ƙwaya ce? A ce ta riƙa tunawa da mu." Ban ji ba, na ce ya maimaita. Ya maimaita da ƙarfi har masu jiran mota suka juyo. Don Allah ki warware mini wannan ƙulli, in san abin da zan riƙa faɗa wa mutane.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Jikata Balbela, 'yar yayarki mai ɗinki, ta fara faɗuwa. Tana cikin wasa sai ta sandare, ta faɗi tana kumfa. An kai ta asibiti, an ce farfaɗiya ce. Likitar mace ce mai kirki. Ta ce maganin da ya fi dacewa da irin tata shi ne wani mai jan kwali, ta ciro shi ta ajiye a kan tebur. Wallahi ina ganin kwalin na gane shi. Shi ne wanda aka ba yayanki Dogo lokacin da shi ma ya yi farfaɗiya, kafin idanunsa su koma ruwan ɗorawa, kafin Allah Ya karɓi abinsa. Kina ƙarama lokacin, amma kin san yadda mahaifiyarki ta ƙare rayuwarta da wannan ciwon a zuciya.

Na faɗa wa likitar. Ta janye kwalin, sannan ta rubuta wani maganin na wucin gadi. Ta ce wataƙila haɗuwa ce kawai, wataƙila kuma jinin gidanmu ne ba ya shiri da mai jan kwali. Ke da kika yi karatun hanta, me kika gani?

Kawunki mai ƙaunarki.

*

Zuwa ga Kawu,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Hajiya da Yaya, a shafa mini kan Balbela. Allah Ya ba ta lafiya, Ya sassauta wa gwiwarka. Ni lafiyata lau, kuma ina cin abinci, wuyan gado ne daga wajenku.

Kawu, na yi dariya har sai da abokiyar aikina ta leƙo. Ka ce wa mai kemis ya kwantar da hankalinsa, ba zan kashe masa kasuwa ba. Ƙwayoyin da nake nufi ƙwayoyin halitta ne, 'yan mitsi-mitsin abubuwan da Allah Ya gina jikin mutum da su, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin ƙara girman abu. Ga yadda aikin yake. Duk maganin da mutum ya haɗiya, hanta ce ke tarbarsa ta sarrafa shi, don haka ita ce ke fara jin jiki idan akwai guba. Da can ɓera muke ba magani mu duba hantarsa. To, ɓera ɓera ne. Sau da yawa yakan sha abu ya ci gaba da guje-gujensa, mutum ya sha ya kwanta. Yanzu muna ɗibar jinin mutum kaɗan, mu ware wasu ƙwayoyi, mu mayar da su kamar jarirai waɗanda ba su zaɓi sana'a ba, sannan mu yi ta lallaɓa su har su zama na hanta. Muna zuba su a wani faranti mai ramuka kamar kiret ɗin ƙwai, mu sa a akwatin ɗumi mai zafin jikin mutum. Sai mu ɗiga musu magani mu ga abin da zai faru. In za a mutu, a mutu a faranti.

Maganar mai jan kwali ta hana ni sukuni. Magani ne mai kyau, ya taimaki mutane da yawa, amma akwai 'yan tsirarun da hantarsu ba ta iya ɗaukarsa, kuma abin yakan bi jini. Na yi waya da likitar Balbela, mun daɗe muna magana. Na kuma je wurin shugabar sashenmu na gaya mata labarin Yaya Dogo. Ban san ina kuka ba sai da ta miƙo mini hankici. Ta amince a sa Balbela cikin binciken da muke yi, in iyayenta sun yarda sun sa hannu.

Za a ɗebi jininta a asibiti a aiko mana cikin ƙanƙara. Amma Kawu, aikin nan watanni yake ci, ba a yi masa gaggawa. Kafin nan, don Allah kada mai jan kwali ya shiga bakinta.

'Yarka.

*

Zuwa ga Likitar Ɓeraye, ko in ce ta da,

Bayan sallama da gaisuwa, ina fata wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Hajiya ta yi mura ta warke. Ni kuma na samu sabon tabarau, yanzu ina ganin ƙurar da ke kan rediyon da ba na ji.

Na karanta bayaninki har sau uku, na kuma tafi da shi shagon mai kemis na karanta masa a gaban yaransa. Na ce, "Kai kana sayar da ƙwaya, ita tana renon ƙwaya, wa ya fi wani?" Ya ce shi bai taɓa jin an shuka hanta ba. Na ce ai ba kowane abu ake ji a bakin titi ba. Na fito ina taku ɗai-ɗai, gwiwa ma ta manta da ciwo.

An ɗebi jinin tun tuni, kin sani. Balbela ba ta yi kuka ba, sai da ta ga an rufe kwalbar za a tafi da ita sannan ta ɓare baki, wai a dawo mata da abinta. Uwarta ta ce, "Wurin Anti za a kai, ta yi miki 'yar hanta ƙarama." Tun ranar take tambaya ko hantar ta girma, ko tana da ido.

Amma 'yata, shirun ya yi yawa. Wata ya fita, wani ya shiga, wani ya bi bayansa, ko layi ɗaya ban gani ba. Maganin wucin gadin nan ba ya riƙe ta. Makon jiya ta faɗi a makaranta, ta bugi bakin tebur, haƙorin gaba ya gutsure. Malamarsu ta ce a ɗan ajiye ta a gida tukuna, wai sauran yara suna tsorata. Yanzu kullum tana zaune gefen keken ɗinkin uwarta tana tsintar ƙyalle, idan ta ji yara sun taso sai ta je taga ta tsaya. Yayarki ta daina karɓar ɗinki mai yawa, don ba ta iya kallon allura da yarinya a lokaci guda.

Ga wani abu kuma. Likitarmu ta tafi hutun haihuwa, an kawo wani saurayi a madadinta. Yana da ladabi, yana rubuta mini magana a takarda tunda ya gane ba na ji. Ya ce ba zai taɓa mai jan kwali ba sai sakamakonku ya fito, amma ya ce kowace faɗuwa tana da nata haɗarin.

Ki ce wani abu, ko da "ana nan" ne.

Kawunki.

*

Zuwa ga Kawu,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ka yi mini afuwa kan shirun. Ina lafiya, sai gajiya. Labarin haƙorin Balbela ya sosa mini rai ƙwarai, a ce mata Anti za ta kawo mata 'yar tsana mai cikakkun haƙora.

Dalilin shirun shi ne rukunin farko ya lalace mana. Wata cuta ta shiga farantin, ruwan ya yi duhu, dole muka zubar muka soma daga tushe. Kunya ta hana ni rubuto maka wannan. Na ce sai ina da labari mai daɗi.

To, yau ina da shi, kuma a tsaye nake rubutu don ana jira na. Kawu, albishirinka! Na duba da idona, na sake dubawa, shugabarmu ma ta duba. Ƙwayoyin lafiyarsu ƙalau, ba su da wata matsala, a kwantar da hankali. Suna cin abincinsu, har sun fara aikin da aka san su da shi. Wallahi da na ɗago daga madubin ji na yi kamar in yi guɗa a ɗakin gwaji.

Sauran bayani zai zo wa likita a rubuce. A gaida kowa da kowa.

'Yarka, cikin sauri.

*

Zuwa ga 'yata abar alfaharina,

Goro fari tas! Assalamu alaikum. Gaisuwa daga gidan da dariya ta dawo cikinsa. Kowa lafiya, har gwiwata ta yi mini sulhu.

Allah Ya yi miki albarka, Ya jiƙan mahaifiyarki da ta haife ki. Takardarki ta iso da hantsi, ina karanta "ƙwayoyin lafiyarsu ƙalau" ban ƙarasa ba na ɗauki hula. Ko takalmin kirki ban sa ba, da silifas ɗin Hajiya na isa asibiti. Na ce wa saurayin likitan sakamako ya fito, 'yata ta gwada ƙwayoyin ta ce ba su da wata matsala. Ya rubuta mini cewa ya fi so ya ga takardar ɗakin gwajin. Na ce takarda tana tafe, amma ni na san rubutun 'yata, kuma yarinyar nan jiya ma ta faɗi sau biyu. Na nuna masa layin da yatsana. Ya karanta, ya dubi Balbela da gutsurarren haƙorinta, ya rubuta mana mai jan kwali.

'Yata, kamar an ɗauke ruwan sama. Tun da ta fara sha ko sau ɗaya ba ta faɗi ba. Ta koma makaranta. Shekaranjiya na gan ta tana tsallen igiya da yaran maƙwabta, ƙafafun nan nata dogaye kamar na mai sunanta, sai na shiga ɗaki don kada a ga tsoho yana hawaye. Yayarki ta karɓi ɗinkin kayan makaranta guda, keke yana ta kuka har dare. Ni ba na jin sa, amma ina jin ƙasa tana rawa a tafin ƙafata.

Abu ɗaya ne, cin abincinta ya ragu, kuma ta yi amai sau ɗaya ko biyu. Hajiya ta ce tsalle-tsalle ne ya yi yawa.

Kwalin yana aljihun rigata, ni nake ba ta da hannuna safe da yamma. Na kuma nemi gafarar Allah kan zargin da na daɗe ina yi wa wannan magani a kan Dogo. Ashe kwana ne ya ƙare.

Kawunki mai godiya.

*

Kawu,

Sallama. Ka gafarce ni, yau ba gaisuwa mai tsawo. Direban da ya kawo maka wannan na roƙe shi ya miƙa maka hannu da hannu, ya tsaya har ka karanta.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu, ba ƙwayoyin magani nake nufi ba! Ƙwayoyin hantar Balbela nake nufi, waɗanda ke cikin faranti. Su ne lafiyarsu ƙalau, wato sun girma sun isa a fara gwaji. A ranar da na rubuta maka ko ɗigo ɗaya na maganin ba mu zuba musu ba tukuna.

Yanzu mun zuba, kuma ga abin da ya faru. Mun jera faranti biyu, ɗaya na Balbela, ɗaya na wasu mutane daban. Muka ba su mai jan kwali daidai yadda yake kaiwa jinin mai shan sa. Na sauran mutanen suna nan garau. Na Balbela da farko ba su nuna komai ba, sai suka fara kumbura da kitse, suka daina aiki, suka saki farantin suna yawo a ruwa matattu. Mun maimaita har sau uku, sau ukun haka. Ina shirin aika wa likita takarda sai ga wasiƙarka, wadda ta yi kwanaki a hanya.

Kwanakin baya na kira Yaya, ta ce, "Alhamdu lillahi, magani ya karɓe ta." Na ɗauka na wucin gadin take nufi, na ce madalla. Da na ƙara tambaya ɗaya da ba mu kai nan ba.

Na samu likitan a waya, yana jiran ku yanzu. Na samu Yaya, tana kuka, ta ce ta rubuta maka a takarda ka ture, ka ce ita tela ce, kai kuma kana da rubutun likita a aljihu, ba za ka yarda ba sai ka ga wani rubutun. To, ga shi, Kawu, da hannuna. Aman nan ba na tsalle ba ne. Kada ka ba ta na yamma, kada kuma ku zauna a gida ku ce kun daina kawai, don yankewa kai tsaye na iya tayar da faɗuwa mai tsanani. Ku kai ta asibiti yanzu, su sauya mata a gabansu.

Na san me nake roƙon ka. Na san ka ga tana tsallen igiya. Amma na ga abin da ke cikin farantin nan, kuma kai ka ga idon Yaya Dogo. Don girman Allah ka tashi.

'Yarka.

*

Zuwa ga 'yar ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Na san yayarki tana ba ki labari ta waya, amma na ce sai na rubuta da kaina, ko da na makara. Daga kan bencin asibiti nake rubutun, ki yi haƙuri da karkacewarsa.

Ba zan ɓoye miki ba, da na karanta takardarki raina ya ɓaci. Na ce wa direban nan, "Yarinyar nan tana wasa da hankalina ne? Jiya fari, yau baƙi?" Bawan Allah ya tsaya yana kallo na, bai san hawa ba bai san sauka ba. Na shiga ɗaki na ciro waccan takardar don in kama ki da rubutunki. Na sa sabon tabarau. Ga layin nan, yadda na faɗa. Sai idona ya sauka kan na ƙasansa: "Suna cin abincinsu." Na zauna a bakin gado. Yaushe ƙwayar magani ta taɓa cin abinci? Ni da na yi aikin gidan waya ba a taɓa kama ni na jefa wasiƙa a akwatin da ba nata ba, ni ne na karanta rabin magana na ɗauki hula.

Na fito na kira Balbela, na kai ta tsakar gida inda rana take, na ɗaga fatar idonta kamar yadda na taɓa yi wa Dogo. Fari ne, amma ba farin da na sani ba. Na ciro kwalin daga aljihu na ba uwarta, na ce ta ɗauko mayafi.

An auna jininta. Likitan ya rubuta mini cewa hantar ta fara jin jiki sosai, amma ba ta kai inda ba a dawowa ba. Ya ƙara da cewa shi ma da ya jira takardarku. Na karɓi biron na rubuta a ƙasa, "Ni na tsaya maka a kai." Muka bar maganar a nan.

Da aka janye mai jan kwali, faɗuwar ta dawo. Na ga an danne ta a gado, ma'aikatan jinya suna gudu, uwarta ta juya ta fuskanci bango. A wannan lokacin, Allah Ya yafe mini, na ji haushinki har cikin raina. Na ce ke kina can da farantinki, mu muna nan da yarinya. Daga baya na tuna ba don farantin nan ba da har yanzu ina ba ta guba da hannuna safe da yamma, ina yi mata kirari.

Aman ya tsaya. Jiya ta ci abinci har ta nemi ƙari. Awon jinin yana sauka a hankali. Amma mun koma gidan jiya, ga farfaɗiya, ga babu magani mai riƙe ta. Makaranta kuma sai dai ta taga.

In akwai sauran dabara a wurinki, kada kunya ta sa ki yi shiru irin na wancan karon.

Kawunki.

*

Zuwa ga Kawu,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina yi muku sannu da jinya, kai da Hajiya da Yaya. Na ji an sallame ku, Allah Ya ƙara sauƙi. Ni ma sai yanzu barci ya fara dawo mini.

Haushin da ka ji ka yi daidai. Ni ce na rubuta wa tsohon ma'aikacin gidan waya adireshi rabi da rabi. Kalma ɗaya tana ɗauke da kaya uku, ta mai kemis, ta 'yan shaye-shaye, da tawa, ni kuma na sake ta ba rakiya. Daga yau na faranti sunansu 'ya'yan hanta, na kwali sunansu magani. Na faɗa wa shugabarmu duk abin da ya faru. Ta yi mini faɗa mai kyau, ta kuma kafa doka cewa ba mai ba dangin mara lafiya labarin gwaji sai ta hannun likita. Don haka abin da ke ƙasa likitanku ya riga ka gani, kuma shi ya ce in rubuto maka.

Ba duka 'ya'yan hantar Balbela muka yi amfani da su ba, akwai waɗanda muka daskarar a ajiye. Na farfaɗo da su. Likitan ya aiko da sunayen magungunan farfaɗiya da yake ganin za su iya riƙe irin tata, muka ba kowane rami nasa. Ɗaya ya wahalar da su. Sauran ba su yi musu komai ba, ko da muka ninka. Ka karanta a hankali, Kawu, har ƙarshe. Faranti ba ya faɗa mana ko magani zai tsayar da faɗuwa, wannan aikin likita ne da ikon Allah. Abin da yake nunawa kawai shi ne wanda hanta za ta iya ɗauka, kuma shi ma ba rantsuwa ba ce, dole a riƙa auna jininta.

Akwai wani abu. Mun bi diddigin dalilin da ya sa mai jan kwali ke kashe su, muka samu wani ɗan sauyi a halittarsu wanda ake gado. Ba zan iya rantsewa a kan Yaya Dogo ba, tunda ba mu da jininsa. Amma zuciyata ta gaya mini, kuma ilimina bai musa ba. Za a iya auna sauran yaran dangi, don kada wani ya sake haɗuwa da kwalin nan bai sani ba. Shugabarmu ta ce za mu rubuta aikin don likitocin wasu wurare su karanta, ba tare da sunan kowa ba, in Yaya ta yarda. Ta ce sunana ne zai zo farko.

A ce wa Balbela hantarta ba ta da ido, amma jaruma ce irin mai ita.

'Yarka.

*

Zuwa ga 'yata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri daga mu duka. Hajiya lafiya, gwiwa tana nan da halinta. Takardarki na karanta ta tun daga sallama har sa hannu, na juya bayanta ma ko akwai saura.

Na jinkirta amsa da gangan, don na koyi darasi, ba na sake yin guɗa kafin a sauke kaya. Yanzu zan iya faɗa. Likitan ya zaɓi ɗaya daga cikin waɗanda 'ya'yan hanta suka amince da su. Da farko ta ɗan faɗi, ya ƙara mata kaɗan, daga nan shiru. An auna jini, an sake aunawa, hanta tana zaune lafiya. Balbela ta koma makaranta, har an ba ta riƙon allon aji. Maganin yanzu yana hannun uwarta, ni an sauke ni daga wannan muƙami, kuma ban ɗaukaka ƙara ba.

Yayarki ta yarda a rubuta aikin. Ta ce in gaya miki ta yanka miki yadi, ki aiko da awon wuyan nan. Yaran dangi kuma na fara bin gidajensu ɗaya bayan ɗaya. Wasu iyayen suna ja, amma kurma ba ya jin a'a.

Maganar Dogo. Na daɗe da takardarki a hannu. Kin san mahaifiyarki ta rasu tana cewa ko ita ce ba ta kula ba, ko ta ba shi fiye da ƙima, ko ta makara kai shi asibiti. Na yi ta ba ta haƙuri, amma ba ni da abin da zan nuna mata. Ranar nan na je inda suke kwance, na yi musu addu'a, na kuma faɗa a fili, ko da ni kaina ban ji muryata ba. Na ce, "Ƙanwata, ba ke ba ce. 'Yar da kika bari tana rarrafe a gindin gadon asibiti ita ta gano." Na yi kuka, kuma ban ji kunya ba.

Da zan dawo na biya ta kemis. Mai shagon ya hango ni ya ɗaga murya yadda ya saba, "Baba, ina labarin 'yar ƙwayarku?" Balbela tana riƙe da hannuna, da jakar makaranta a bayanta. Na ɗaga hannun nata sama yadda duk masu jiran mota za su gani. Na ce, "Tana nan lafiya. 'Yar ƙwaya ce, ta gidanmu ce, kuma ga aikinta nan yana tafiya da ƙafafunsa."

Allah Ya yi miki albarka. Ki ci abinci.

Kawunki mai alfahari da ke.